Takalmin da Ƙafa Ɗaya Ta Fi Ɗaya Tudu

Jama'ar wannan shafi, yau da ɓacin rai na zo muku.

Akwai wani matashi da ya dawo daga karatu bayan shekara shida, mahaifinsa ya damƙa masa shagonsu na ɗinkin takalma ya koma gida ya huta. Tun ranar farko ya shigo da rular ƙarfe a aljihu, ba a yi sati ba ma'aikata suka laƙaba masa suna Rula.

Maganarsa ɗaya ce kullum: "Ina son komai ya zama bai ɗaya." Takalmi kala ɗaya, ɗinki iri ɗaya, har rediyon shagon ya kashe wai yana raba hankali. Shagon da a da ake raha ya koma sai ƙarar inji da warin gam. Safiya kamar yamma, yau kamar jiya. Gundura ta ishi kowa.

A can kusurwa kuwa akwai Baba Baduku, dattijon da ya shekara talatin a kan benci ɗaya. Shi da basilla da zare yake aikinsa, kuma baki bai dame shi ba.

Wata safiya Rula ya ga wasu baƙaƙen takalma a gaban Baba, an gama su tsaf suna sheƙi. Ya ɗauka ya ɗora rula. Tafin na hagu ya fi na dama tudu da kaurin yatsa biyu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Takalmi ne, ɗana."

"Na san takalmi ne! Ba ka ga ba iri ɗaya ba ne?"

"Sun yi kama dai," in ji Baba, "amma ba a yi su don su zama iri ɗaya ba. Daidai suke da ƙafar mai su."

"Wane ne mai su?"

"Na yi alkawarin ba zan faɗa ba."

Kai, jama'a! Sai yaron nan ya hau dattijo da faɗa a gaban kowa. Wai tsufa ya cinye masa ido, wai yana ɓoye kuskurensa da tatsuniya. Mutumin da ya goya shi yana ƙarami! Rula ya zari wuƙar yankan fata ya tsarge tafin takalmin, ya wurga a kwandon shara.

"Tattara kayanka. Ba na aiki da wanda bai san sak ba."

Baba ya naɗe basillarsa a tsumma ya fita.

Da yamma Rula ya je gaida mahaifinsa. Ya same shi zaune a kujerarsa kamar kullum.

"Baduku bai ba ka saƙona ba? Takalmana sun mutu, yau ya ce zai gama sababbi."

Rula ya miƙa masa wasu takalma da ya zo masa da su tsaraba. "Ai na sallame shi, Abba. Aikinsa ya lalace. Ga waɗannan na kawo maka, na inji ne, sak da sak."

Tsohon ya sa takalman, ya dafa kujera ya miƙe, ya nufi ƙofa. Kowane taku sai kafaɗarsa ta hagu ta nutse. Ɗingishi yake yi sosai, a taku na biyar sai da ya kama bango.

"Abba! Me ya samu ƙafarka?"

"Mota ce ta buge ni, shekararka ta biyu da tafiya. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta gajarce. Na hana a gaya maka don kada ka bar karatu. Baduku ne ya rufa mini asiri da takalmi." Cikin fushi ya ci gaba: "Wata uku da dawowarka, ka auna komai a shagon nan, amma ko sau ɗaya ba ka tsaya ka dubi tafiyar ubanka ba."

Rula ya fita ko hula babu. Ya tarar da Baba Baduku a ƙofar gidansa, har ya yanko sabuwar fata, yana lissafa tudun da yatsunsa. Rula ya durƙusa yana ba da haƙuri, hawaye shaɓe-shaɓe.

Baba bai ɗago ba. "Rular tana aljihunka? Cire takalminka ka auna ƙafafunka."

Ya auna. Ta dama ta ɗan fi ta hagu tsawo.

"To, ka gani. Kai ma ba sak kake ba, kuma ba wanda ya jefa ka a shara. Takalmin babanka zan ɗinka, jibi ka zo ka karɓa. Shago kuwa na bar maka."

Har yau bencin nan na kusurwa babu kowa a kansa.

Darasi: Kama daban, iri ɗaya daban, daidai kuma daban. Adalci shi ne ka ba kowa abin da ya dace da shi, ko da bai yi kama da na wani ba. Kafin ka kira aikin dattijo kuskure, ka tambaya cikin ladabi. Ku tura wannan ga duk wanda aka ba shugabanci yau-yau, tun kafin ya kori nasa Baba Badukun.