Mutumin da Ya Yi Ta Duba Wake

Akwai wani mutum a wata ikilisiya, mai cika baki. Da aka tara waken baikon kaka, wato sadakar godiya ta lokacin girbi, domin ciyar da baƙin babban taro, sai ya miƙe ya ce, "Ku kai gidana. Ƙwaro bai taɓa cin wake a hannuna ba, ni kuwa ban san fargaba ba."

Aka zuba waken a duro, aka liƙe murfin. Fasto ya ce masa, "Kada a buɗe sai ranar taro. In babu iska, ƙwaro mutuwa yake yi."

Amma hankalin mutumin nan ya ƙi kwanciya. Yana cikin noma sai ya yar da fartanya, ya dawo gida, ya kara kunne a jikin duro. Shiru. Shirun ma ya dame shi. Ya ɓalle murfin, ya ɗiba, ya shinshina, har ya tauna.

Matarsa Kaziya ta ce, "Baban Murna, me ka gani?"

"Lafiya lau."

"To, bar shi ya huta mana."

Ya ce, "Ai lafiyar yau na gani. Ta gobe fa?"

Haka ya yi ta yi. Ranar taro matan zumuntar ikilisiya suka hura wuta, baƙi suka zauna, aka mirgino duro. Da aka buɗe, ƙwari suka taso, wasu har cikin rigar mutumin nan. Waken ya zama gari. Yana susa, yana cewa irin waken ne ba shi da kyau.

Kaziya ta tashi ta kare mijinta. Ta ce, "Fasto, ba sakaci ya yi ba. Safe da yamma yana buɗewa ya duba."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Duron nan jikinka ne, buɗewar kuwa gwaji ce. In likita ya ce a gwada jini, a gwada, kada a yi gardama. Amma waɗansunmu, likita ya ce ba bukata, sai mu ɗauki yaro mu bi asibiti asibiti, a tsira masa allura nan, a tsira can, mai ciwon gaske kuwa yana layi a bayanmu. An ce lafiya, ba mu yarda ba. Tsoro ne yake damunmu, tsoro kuwa ba a ganinsa a cikin jini. Wannan a gaban Ubangiji ake kai shi.