Barci Ya Ɗauke Kaka

Akwai wani kafinta da ke zaune da matarsa da 'ya'yansu biyu a gidan haya mai ɗaki biyu. Babbar 'yar shekara biyar ce, ana ce mata Tsuntsuwa saboda surutu. Ƙaninta jariri ne, watansa huɗu.

Tun da mahaifiyar kafintan ta rasu, Tsuntsuwa ta daina surutu, ta kuma daina barci. Da ma gado ɗaya suke kwana da tsohuwar.

Za a kwantar da ita a kashe fitila, can sai a ji takun ƙafa a hankali. Wani dare uwar ta farka ta ga mutum tsaye a kan jaririn cikin duhu. Ta haska fitilar waya. Tsuntsuwa ce, ido a buɗe, tana mintsinin cinyar yaron. Sai da ya tsala kuka sannan ta yi ajiyar zuciya ta koma ɗakinta.

Sati uku ana haka. Maƙwabta suka ce kishi ne, wasu suka ce yarinyar ba ita kaɗai ba ce. Shi kuwa kafinta, in ƙusa ta ƙi shiga, guduma kawai ya sani. Ya yi tsawa, ya yi duka, duk a banza.

"Gobe zan kai ta wajen yayata," in ji shi. "Ba zan zuba ido ta nakasa min yaro ba."

Da yamma uwar ta zaunar da yarinyar tana taje mata kai.

"Tsuntsuwa, ba zan dake ki ba. Me ƙaninki ya yi miki?"

"Ba komai, Umma. Gadinsa nake yi."

"Wa zai taɓa shi?"

Yarinyar ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Barci. Shi ya ɗauke Kaka, har yau bai dawo da ita ba. Kullum kuma sai na ji kin ce barci ya ɗauke jariri. Ni babba ce, ina iya hana idona rufewa. Shi bai iya ba."

Matajin ya suɓuce daga hannun uwar. Kafinta yana bakin ƙofa, kuma ya ji komai. Shi ne ranar rasuwar, da yarinyar ta riƙe masa riga tana tambayar ina Kaka, ya ce, "Barci ne ya ɗauke ta," don kawai ta ƙyale shi. Wallahi abin tausayi: yarinyar da yake duka, ashe maganarsa ta riƙe.

Ya durƙusa a gabanta. "Ni na faɗa miki ba daidai ba. Kaka ciwo ta yi, ga tsufa, sai ta mutu. Barci daban ne. In ya ɗauki mutum, da safe yake dawo da shi."

"Ka tabbata, Baba?"

"Yau ni ne mai gadi. Ki gwada ki gani."

Ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, hannunsa cikin nata. Sau uku tana zabura ta duba ko yana nan. A na huɗu kanta ya langaɓe. Shi kam bai runtsa ba, yana ta sauraron numfashinta.

Da gari ya waye ta buɗe ido, ta shafa fuskarta, ta ruga ta leƙa jaririn. Sai ga ihunta daga ɗaya ɗakin: "Baba! Ya dawo da mu duka!"

Kafinta ya juya fuskarsa bango. Kukan da bai yi ba ranar da aka binne uwarsa, a safiyar nan ya yi shi.

Darasi: In yaro ya ƙi barci, ka tambaye shi abin da yake tsoro kafin ka ɗaga murya. Kuma ka kula da abin da kake faɗa masa don ka huta, domin shi da gaske yake ɗauka. Tura wa iyayen da ka sani, wataƙila akwai ƙaramin mai gadi a gidansu.