Kiɗan da Hafizu Ya Saka wa Amarya

Hafizu shi ke riƙe da kwamfutar wata ƙungiyar raye-rayen gargajiya da ke unguwar Wunti. Ya iya na'ura, ba ƙarya, amma malalaci ne na bugawa a jarida. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: duk kiɗan da aka kawo, ya saurara, ya zuba shi a rumbun manhaja, ya haɗa shi da rawarsa, ya rubuta ko na biki ne, ko na suna, ko na makoki. Ranar wasa manhajar ce ke zaɓo kiɗa, tana faɗa wa 'yan rawa taku.

Wata rana Baba Irmiya, tsohon makaɗin ƙungiyar, ya kawo kaɗe-kaɗen da ya naɗo a ƙauyensu.

"Ɗana, akwai na rakiyar gawa a ciki. Ka saurara, ka ware shi."

"An gama, Baba," in ji Hafizu, idonsa na kan waya.

Wace gamawa! Ko ɗaya bai saurara ba. Ya tattara su gaba ɗaya ya danna musu "biki", ya fice cin tsire abinsa. Tir da wannan hali.

Ana nan aka gayyaci ƙungiyar bikin wata yarinya, Marvellous, a GRA. 'Yar ƙauyen su Baba Irmiya ce, mahaifinta ya rasu bara, shi ya sa mahaifiyarta ta roƙa a shigo da amarya da kiɗan gida. Hafizu ya nemo na biki cikin kaɗe-kaɗen ƙauyen, ya danna na farko da manhajar ta zaɓo.

Ganga ta tashi. 'Yan rawa, yaran birni, suka bi umarnin manhaja suna juyi suna murmushi. Amma dattawan wurin suka hau kallon juna. Baba Irmiya ya taso da gudu yana ɗaga hannu: "Kashe! Kashe!"

Ina, an makara. Amarya ta ƙame a bakin ƙofa, mahaifiyarta kuwa ta zube ƙasa tana kiran sunan mijinta, don da wannan kiɗan aka raka shi kabari.

Hafizu ya hau kame-kame: "Wallahi manhajar ce..."

Hajiya Radiyya, shugabar ƙungiya, ta fizge kwamfutar. "Manhajar ce aka ce ta saurara, ko kai? Tashi ka ba mu wuri, mara kunya!"

Amarya dai da kuka ta shiga bikinta.

Darasi: duk abin da aka damƙa maka ka adana, amana ce, ko da kiɗa ne. Na'ura ba ta san biki ba, ba ta san makoki ba. Abin da ka zuba mata shi za ta amayar a gaban jama'a. Ka yi aikinka tsakani da Allah, don lalacinka na yau wani ne zai yi kukansa gobe.