Rakiyar Ƙwayoyin Ruwa

Akwai wani mutum, sunansa Habila, ɗalibi ne a jami'a. Aikinsa shi ne ya kwaikwayi ɗigon ruwa a cikin kwamfuta, ƙwaya-ƙwaya, dubu bisa dubu, kowace tana jan 'yar'uwarta. Kwamfutar kuwa in aka ce ta lissafa jan kowa da kowa, sai ta shekara ba ta gama ba. Saboda haka ya shata iyaka: ƙwayar da ke kusa a lissafa ta, wadda ta wuce a manta da ita nan take.

Ashe a bakin iyakar akwai sauran ja, ɗan kaɗan. Duk ƙwayar da ta ƙetare sai ta zabura, kamar an tsinke mata igiya. Zabura bisa zabura, ruwan ya yi ta ɗaukar zafi ba wuta, har ya tarwatse. Saura mako biyu ya tsaya gaban masu jarrabawa, ga wahalar shekara uku tana neman tafiya a banza. Habila ya rame, abin tausayi.

Ranar Lahadi bayan sujada ya je gida. Mahaifiyarsa, wadda ko sunan kwamfuta ba ta faɗa daidai, ta sa shi ya bayyana mata matsalar tiryan-tiryan. Ta saurara tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "To kai, haka ake sallamar baƙo? Yana sa ƙafa waje ka garƙame ƙofa? Ai rakiya ake yi, ɗana. Ana tafe hira tana raguwa, kafin a kai bakin hanya an gama komai."

Habila ya koma ya gyara. Iyakar ta zauna inda take. Amma wannan sauran ja na bakinta, sai ya rage shi daga kowace ƙwaya, har na kurkusa, domin jan ya riƙa sauka sannu-sannu ya ƙare daidai kan iyaka. Ruwan ya natsu. Habila ya zauna yana kallonsa, murna ta sa shi hawaye.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Allah ne kaɗai ke riƙe da kowa kusa. Mu muna da iyaka, wannan kuwa ba zunubi ba ne. Yara za su girma su tafi, maƙwabci zai tashi, wani zai koma wata ikilisiya. Laifin yana wurin tsinkewa: jiya "ɗan'uwa", yau ko gaisuwa babu. Wanda ya tafi yana jin zafin, gidan da ya bari ma yana ɗaukar zafi. Rakiya tana da tsada, gama na kusa ne za su rage wani abu nasu, lokaci ko girman kai.

Na sani akwai wanda wani suna ya faɗo masa a rai yanzu. Kada rana ta faɗi bai kira mai sunan ba.