Mai Walda da Lambar Bindiga

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai walda, shagonsa na bayan tashar mota. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Hannunsa yana da kyau, har abokan sana'a suna tsokanarsa cewa ko aure ne ya tsinke a kawo masa zai liƙe. Yana da mata da 'ya'ya, tsohuwarsa tana gidansa, ga kuma ƙanensa direban bas, wanda ya taso a hannunsa tun rasuwar mahaifinsu.

Wata rana wani dillalin kayan gyaran mota ya shigo shagon da buhu, ya tura ƙofa. Bindigogi ne naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Maigida, ba harbi za ka yi ba, ba sayarwa za ka yi ba. 'Yar lambar nan kawai za ka goge mini."

Ku sani, kowace bindiga da lambarta take fitowa daga masana'anta, kuma da ita ake bin sawunta. In an kama ta a wannan ƙasa, jami'ai su aika wa takwarorinsu na waccan, a gano ma'ajiyar da ta fito da wanda ya fitar da ita. Mai walda ya san wannan sarai. Amma ya ce wa zuciyarsa, ni dai ƙarfe aka kawo mini. Ya kunna injin guga, ya share lambar sumul.

Daga nan buhu ya riƙa bin buhu. In ya ji a rediyo an kai hari wani ƙauye, sai ya girgiza kai tare da kowa, ya yi Allah wadai, ya koma bakin aikinsa.

Ana nan, sai 'yan bindiga suka tare hanya da rana tsaka, suka buɗe wa bas wuta. Ƙanensa ne a sitiyari. A nan ya cika.

Ana zaman makoki wani sufeto ya zo ta'aziyya. Ya ja mai walda gefe ya ce, "Mun tsinci bindiga ɗaya a wurin. Da akwai lamba, da mun bi ta ko ƙasa nawa ta ratsa. To an goge ta tas." Ya nuna masa hoton a waya.

Mai walda ya ƙura wa hoton ido. Gugar ta yi kama da tasa. Amma shi kaɗai ne mai injin guga a duniya? Ya duba, ya sake dubawa, bai ga abin da zai ce tasa ce ba, bai ga abin da zai ce ba tasa ba ce. Wa zai tambaya? Abin da zai ba shi amsa, shi ake gogewa.

Ya sami dillalin ya ce ya daina. Dillali ya yi murmushi ya ce, "Ka daina ka je ina? Ai na san makarantar yaranka." Haka mai walda ya koma ya kunna inji, hawaye na zuba a bayan gilashin walda. Ga bakin faɗa, babu halin faɗa.

Ashe an kama wata motar kaya ɗauke da bindigogi a ƙetaren iyaka. Masana na can suka zuba sinadari a kan ƙarfen, wasu lambobin suka sake bayyana. Ƙasashen suka haɗa kai, aka bi daga ma'ajiya zuwa mai gadinta, daga mai gadi zuwa direba, daga direba zuwa shagon bayan tasha. Dillali kuwa tuni ya yi layar zana.

Da safe jami'ai suka zo gidan mai walda. Suna fita da shi, tsohuwarsa ta dafa bango ta miƙe. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Tsaya. Bindigar da ta kashe mini auta, ta bi ta hannunka?"

Ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba."

Ta koma ta zauna. Har ta bar duniya ba ta ƙara ambaton sunansa ba. Aka rufe shago, matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, shi kuma yana kurkuku da tambayar da babu mai amsa masa ita.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai taɓa ɗana kunamar bindiga ba. Amma wanda ya ɓoye sawun azzalumi ya taya shi zalunci. Kai direba da ba ka tambayar abin da ke cikin buhu, kai mai gadi da ke kau da kai, kai mai sana'a da ke cewa ba ruwanka, kana tsammanin harsashi yana tambayar ɗan wane ne? Kuma in lamba ta gogu a jikin ƙarfe, a wurin Ubangiji ta gogu?

Allah ya kiyaye mu da aikin da za mu kasa duban iyayenmu saboda shi. Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa, ya jiƙan waɗanda aka kashe a hanya ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Amin.