Idon Yaya Yana Kan Titi

Akwai wani mutum da 'yan gidansu ke kira Aku tun yana yaro, saboda bakinsa ba ya hutawa. Da ya girma, surutun ya zame masa sana'a. A ƙuryar ɗaki yake zama, ya rataya barguna a bango don kada murya ta yi amo, ya naɗi hira ya sa a intanet. Shiri ne na saurare zalla, irin wanda yaran yanzu ke kira fodkas.

Masu sauraronsa mutane ne da idonsu ke kan aiki: teloli, masu guga, mata a kicin. Babbansu shi ne yayansa, direban babbar mota, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Muryar ƙanen ce ke ɗebe masa kewa a doguwar hanya, ta kuma hana shi gyangyaɗi.

Da shirin ya karɓu, abokai suka zuga Aku cewa duniya ta koma bidiyo. Ya sayi kyamara da fitilu, ya sauke bargunan, ya yi wa bango fenti. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai a hankali ya manta da mai kunne. Yakan ɗaga abu ya ce ku dubi wannan, ya yi dariya, ya wuce, bai faɗi ko mene ne ba.

Matarsa ta yi masa magana. Ya ce mai son gani ya buɗe ido, ai kowa da wayarsa.

Wata rana yayan ya dawo daga tafiya. Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi, Aku ya tambaye shi ko ya ga sabon ɗakin shirin.

"Na daina jin ka, Aku," in ji shi. "Ran nan ka ce mu duba, ka sake cewa mu duba, ni ko na duba. Kafin in ɗago, tayar gaba ta sauka daga kwalta, ga wata mata da goyo a gefen hanya. Allah ne ya tsare."

Aku ya tambaye shi me yake ji yanzu in barci ya taso.

"Ƙarar inji."

Aku ya shiga ɗaki, ya kifa wayarsa a kan tebur, ya kunna shirinsa na ƙarshe. Shi da ya yi hirar ma bai gane rabinta ba.

Bai sayar da kyamarar ba. Amma tun daga ranar, duk abin da ya ɗaga sai ya faɗi sunansa da kamanninsa, dalla-dalla. Wasu telolin sun riga sun koma wani shirin, ba su dawo ba har yau.

Yayan kuwa ya kira shi daga wani gidan mai. Ya ce hira ta yi daɗi, amma don Allah a rage tsawon gaisuwa.

Darasi: In Allah ya ɗaga ka, kada sababbin masu kallo su mantar da kai waɗanda suka saurare ka tun kana ƙuryar ɗaki. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda zai tuna da nasa yayan.