Ranar da Tambai 'Yar Bushiya Ta Shiga Gaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Mai gyangyaɗi kuma ya nufi ɗakin uwarsa.

Wata Bushiya ce da 'yarta guda ɗaya tal, sunanta Tambai. Son da take mata ya yi yawa har ya zama talala. In aka ce, "Tambai, ina kwana?" sai uwar ta cafe: "Ta ce lafiya lau." In aka ce, "Tambai, ga gyaɗa," sai uwar ta ce, "Ta ce ta ƙoshi." Alhali yunwa na cin yarinya. In 'yan mata suka zo kiranta gaɗa, sai uwar ta tare ƙofa.

"Gaɗa? Ki shiga tsakiya, ki ba da waƙa, ki faɗi da baya wai ƙawaye su tare ki su cilla? Ke da ƙaya a gadon baya, wa zai tare ki? Janye hannu za su yi, ki fasa ƙeya, gari ya yi dariya."

Tambai ta ji, ta yarda. Ko kallonta aka yi sai ta dunƙule.

Ran nan da la'asar suna kiwo a bakin hanya, sai ga Kura da buhu. Uwar ta tura Tambai ƙarƙashin sabara, ita kuma ta dunƙule. Kura ta sa sanda ta mirgina ta cikin buhu.

"Yau miya ta yi nama!"

Kura ta saɓa buhu, Tambai ta bi ta a baya. Hanya ta ratsa dandali, 'yan mata na gaɗa. Kura da son kallo! Ta ajiye buhu, ta danne bakinsa da ƙafa, ta ce, "Ana tashi, sai gida, sai wuta."

Gizo ya hango Tambai. "'Yar Bushiya, yau ina mai bakinki?"

Ta raɗa masa, "Tana cikin buhun can. Gizo, ka faɗa musu."

"Ni? Duk garin nan wa ke yarda da maganata? Ke za ki faɗa. Kuma nan ba a sauraron kowa sai wadda ta shiga tsakiya."

Tambai ta shiga tsakiya. Ido ya yi mata ca. Sai ta dunƙule, ta mirgina waje. Kura ta ƙyalƙyale da dariya.

Tambai ta sake shiga. Aka tsai da tafi, ana jira. Ta buɗe baki, ta waiga dama, inda uwarta ta saba tsayawa ta ce "ta ce." Babu kowa. Kai, yara, abin tausayi! Ta fita tana hawaye.

Rana ta yi ja. Kura ta yi hamma, ta kama wuyan buhu, ta miƙe.

Gizo ya ce, "Tambai, nama zai tafi."

Ta shiga ta uku. Murya ta fito 'yar siririya:

"Ina da magana, 'yan mata."

Suka amsa, "Faɗi, mun ji, Tambai!"

"Innata na cikin buhun Kura."

"Faɗi, mun ji, Tambai!"

"In na faɗo, wa zai tare ni?"

Zabuwa, wadda ke shugabantar gaɗa, ta daka tsawa: "Ku ninke mayafi a hannu! Faɗo, Tambai, mun daɗe muna jiranki!"

Kura ta saɓa buhu, ta ɗaga ƙafa. Tambai ta ji maganar uwarta a kunne: wa zai tare ki? Ta rufe ido, ta saki jiki, ta tafi da baya.

Caraf! Hannuwa suka tare ta. Suka cilla ta sama, ta dunƙule a iska, ta sauka tim a kan hancin Kura.

"Wayyo hancina! Wayyo idona!"

Kura ta yar da buhu, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Aka kwance buhu. Bushiya ta fito, ta rungume 'yarta, ta juya ga taro: "Tambai ta ce ta go..."

"Inna," in ji Tambai, "bari in faɗa da bakina. Na gode, 'yan mata."

Uwar ta dubi mayafan nan da ƙaya ta huhhuje, ta dubi 'yarta. Kunya ta kama ta, ita ce ta dunƙule.

Shi ya sa har yau, in ka tsare bushiya da ido sai ta dunƙule, in ka ba ta fili sai ta miƙe ta kama gabanta. Wanda ya riƙe wa ɗansa baki, ranar da ya shiga buhu wa zai yi masa kururuwa?

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! In akwai ƙarya a ciki, ku tambayi Gizo, yana wurin.